Takaddamar Kulle a Kan Fayilolin Manyan Kwamfutoci da Hanyar Gano Mai Tarewa



Ina neman ku ara mini hankalinku zuwa ga wata mas'ala wadda masu kula da manyan kwamfutoci suka daɗe suna fama da ita, wadda kuma, a iya fahimtata, ta fi yawancin mas'alolin wannan fanni buƙatar natsuwa da tartibin tunani. Mas'alar kuwa ita ce, a wayi gari babbar na'ura tana nan lafiya lau, wuta ba ta ɗauke ba, faifai bai lalace ba, ƙwaƙwalwarta ba ta cika ba, injin lissafinta ma yana zaune kusan ba ya aikin komai, amma duk da haka ayyuka sun tsaya cik, ɗaya bayan ɗaya, har ma'aikatan banki ko na ofishin haraji da ke can nesa su fara bugo waya suna tambayar abin da ya faru. Galibi idan aka ga wannan alama, to, takaddama ce ta tashi a kan kulle, wato wani aiki ya riƙe wani fayil, sauran kuma sun yi layi suna jiransa.

Zan kafa bayanina a kan manhajar z/OS ta kamfanin IBM na ƙasar Amurka, domin ita ce ta fi shahara a cikin manhajojin da ke tafiyar da irin waɗannan na'urori, kuma nasabarta sananniya ce. Asalinta yana komawa ga na'urorin System/360 waɗanda kamfanin ya bayyana wa duniya ranar 7 ga Afrilu, 1964, da manhajarsu OS/360. Daga zuriyarta aka sami MVS a 1974, sannan OS/390 a 1996, sannan z/OS a 2001. Abin da ya sa na kawo wannan nasaba shi ne, umarnin nan guda biyu da za mu yi ta ambatonsu yau, ENQ na neman kulle da DEQ na sakinsa, tun zamanin OS/360 suke, kuma shirye-shiryen da aka rubuta tun kafin a haifi da yawa daga cikinku suna nan suna kiransu har gobe a bankuna da kamfanonin inshora da ma'aikatun gwamnatoci.

Wajibi ne mu fara da yi wa kulle adalci, domin mutum ba zai iya gano cutar abu ba matuƙar bai san amfanin da aka yi shi dominsa ba. Ku ɗauka akwai naira 100,000 a asusun wani bawan Allah, sai ayyuka biyu suka zo a lokaci guda, ɗaya zai ƙara 20,000, ɗaya zai cire 30,000. In kowannensu ya karanta 100,000 kafin ɗan'uwansa ya rubuta nasa sakamako, to, wanda ya rubuta daga ƙarshe shi zai shafe aikin na farko, asusun ya tashi da 120,000 ko 70,000, alhali kuwa haƙiƙanin lissafi 90,000 ne. Babu ƙararrawar da za ta kaɗa, babu saƙon da zai fito a allo. Dukiyar mutane ce kawai za ta salwanta ko ta ƙaru ba bisa haƙƙi ba. Saboda haka jiran da kulle yake jawowa farashi ne da ake biya don kiyaye amana, kuma duk wanda ya zo muku da shawarar a cire kulle don aiki ya yi sauri, ku tambaye shi wa zai ɗauki alhakin abin da zai biyo baya.

Yadda abin yake tafiya a z/OS shi ne, akwai wani sashe na manhajar mai suna GRS wanda ke riƙe da rajistar duk wanda ya nemi kulle. Mai nema yakan ambaci sunaye biyu: babban suna, wanda bai wuce harafi 8 ba, mai nuna jinsin abin da ake nema, da ƙaramin suna, wanda zai iya kai harafi 255, mai nuna ainihin abin. Idan fayil ake so, babban sunan shi ne SYSDSN, ƙaramin kuwa sunan fayil ɗin ne, wanda a wannan tsari ba ya wuce harafi 44. Sa'an nan mai nema ya faɗi faɗin da'irar kullen, ko a cikin muhallin aikinsa kaɗai, ko a na'urar baki ɗaya, ko a dukan na'urorin da suka haɗu suna tarayya a faifai. Ya kuma faɗi irin riƙon da yake so, na tarayya, wanda masu karatu da yawa za su iya yi tare, ko na kaɗaici, wanda ba ya karɓar abokin zama. Wani abin lura a nan shi ne, GRS sunaye kawai ya sani, bai san fayil ba, ba ya kuma taɓa shi. Yarjejeniya ce tsakanin shirye-shirye cewa kowa zai nemi izini da suna iri ɗaya kafin ya sa hannu.

Hukuncin da ya fi kowanne rikita sababbin ma'aikata shi ne na tartibin layi. GRS yana biyan buƙatu ne bisa jerin zuwansu. Ku ɗauka wani aiki yana riƙe da fayil riƙon tarayya, yana karatunsa a hankali. Sai na biyu ya zo yana son kaɗaici, dole ya jira, wannan a fili yake. To, amma na uku da na huɗu da na hamsin, waɗanda karatu kawai suke so, waɗanda da za su iya zama tare da na farko ba tare da wata illa ba, su ma ba za a ba su ba, sai su tsaya a bayan na biyu. An yi haka ne da hikima, domin da za a riƙa barin masu karatu suna tsallake mai son rubutu, da sai ya dawwama yana jira muddin masu karatu ba su yanke ba. Amma sakamakonsa shi ne, buƙata ɗaya tak ta kaɗaici, wadda ba a ma biya ta ba tukuna, tana iya tsayar da jama'a masu yawa, kuma wanda ya dubi allo da gaggawa zai ga mai riƙon tarayya a sama, masu neman tarayya a ƙasa, ya rasa dalilin da ya hana su haɗuwa, don bai lura da guda ɗayan da ke tsakani ba.

Daga ina buƙatar kaɗaicin nan take fitowa? Sau da yawa daga kalma ɗaya ce a cikin takardar umarnin aiki, wadda ake rubutawa da harshen JCL. Wanda ya rubuta DISP=SHR tarayya ya nema; wanda ya rubuta DISP=OLD, ko MOD, ko NEW, kaɗaici ya nema. Kuma ƙa'idar ita ce, kafin aiki ya fara matakinsa na farko, manhajar takan nema masa kullen dukan fayilolin da ya ambata a dukan matakansa, kowanne da mafi tsananin riƙon da wani mataki ya buƙata, ta kuma riƙe shi har ƙarshen mataki na ƙarshe da ya ambaci fayil ɗin. Ashe ke nan aiki mai mataki 10, wanda a mataki na 9 kaɗai yake rubutu na minti biyu, zai kulle fayil ɗin tun daga farko, ko da matakai takwas ɗin da suka gabata za su ci sa'a uku. Na sha ganin takardun umarni da aka gada daga magabata, an kwafa an sake kwafa, OLD yana zaune a inda karatu kawai ake yi, ba don wata hujja ba sai don haka aka tarar. Tun daga z/OS 2.1, wadda ta fito a 2013, an samar da DSENQSHR, wanda ke ba da damar sassauta riƙo daga kaɗaici zuwa tarayya bayan mataki na ƙarshe mai buƙatar kaɗaicin ya wuce. Sai dai wannan bayan aiki yake gyarawa, bai taɓa gabansa ba.

Yanzu mu zo kan ginshiƙin laccar. Idan takaddama ta tashi, wanda ya fara kuka shi ne wanda aka tare, kuma sunansa ne zai fito a allon mai tsaron na'ura, cikin saƙonni irin su IEF861I da IEF863I da IEF099I, masu sanar da cewa aiki kaza yana jiran fayil kaza. Mai zaune a tasharsa ta TSO kuwa yakan ga IKJ56225I, mai gaya masa cewa fayil ɗin yana hannun wani. Ɗabi'ar ɗan Adam ce ya nufi inda kuka yake, ya soke aikin da ya tsaya ya sake tayar da shi, ko kuwa ya dubi wanda ke riƙe da fayil ɗin ya yanke masa hukunci nan take. Duka biyun kuskure ne, na biyun ma ya fi haɗari, domin mai riƙon nan sau da yawa shi ma jiran wani yake, wanin kuma yana jiran wani. Aikin mai bincike a nan ya yi kama da na malamin hadisi da ke bin isnadi: ba ya tsayawa a kan mai ruwayar da ke kusa da shi, sai ya bi silsilar mutum bayan mutum har ya kai ga tushe, domin illar da ke ɓata ruwaya tana iya kasancewa can sama, inda mai gaggawa bai kai ba. Haka nan za a bi masu jira, daga wannan zuwa wanda ya tare shi, har a isa ga aikin da yake riƙe da kulle amma shi ba ya jiran kullen kowa. Wannan shi ne kan silsila, kuma a kansa ne bincike na gaskiya yake farawa.

Kayan bin silsilar suna nan cikin manhajar. Umarnin D GRS,C yana nuna duk abin da ake takaddama a kansa a wannan lokaci, da mai riƙo, da masu jira, da irin riƙon kowa. Wanda ya san sunan fayil ɗin yana iya tambaya kai tsaye da D GRS,RES. Amma idan layukan sun yi yawa, suka sarƙe da juna, ido ba zai iya warware su ba, sai a koma ga D GRS,ANALYZE, wanda ke da fuska uku: WAITER yana jero waɗanda suka fi daɗewa suna jira, BLOCKER yana jero waɗanda suka fi daɗewa suna tarewa, DEPENDENCY kuwa shi ke bin silsilar da kansa, ya faɗi inda ta tsaya, ko ya bayyana cewa ta zagayo ta ciji wutsiyarta. Shawarata ita ce a maimaita umarnin sau biyu ko uku, da tazarar minti ɗaya ko biyu a tsakani, domin kallo ɗaya ba ya bambanta layin da ke tafiya da wanda ya sandare. In sunayen suna canzawa, cunkoso ne, na'ura tana aiki; in kuwa suna nan yadda suke, sai tsawon jira ke ƙaruwa, to, akwai wanda ya tsaya.

Da an kai ga kan silsila, tambayar da ta rage ita ce: me ya hana shi gamawa ya saki? A nan ne gwanintar mai bincike take bayyana, saboda GRS ya gama nasa, ba shi da sauran abin faɗi. Wani lokaci aikin ya yi wa mai tsaron na'ura tambaya ne yana jiran amsa, tambayar kuma ta gangara ta ɓace a cikin dubban saƙonni, ba wanda ya gan ta; umarnin D R,L zai fito da ita, a amsa, cikin daƙiƙa kaɗan layin mutum hamsin ya watse. Wani lokaci kaset yake jira a ɗora masa. Wani lokaci ma'aikaci ne ya kama fayil da riƙon kaɗaici daga tasharsa, ya tashi ya tafi gida bai saki ba. Wani lokaci shirin ya faɗa cikin zagaye marar ƙarewa, yana cin injin lissafi ba ya ci gaba. Akwai kuma wata sura mai ban tausayi, inda mai riƙon aiki ne mai ƙaramin matsayi, na'ura ta cika da manyan ayyuka, ba a ba shi rabonsa na injin lissafi balle ya gama, alhali manyan nan da suka danne shi wasunsu kullen da ke hannunsa suke jira. Manhajar tana da dabarar ɗaga darajar irin wannan mai riƙo na ɗan lokaci don ya samu ya saki, amma dabarar tana da iyaka. Ku lura fa, a cikin surorin nan biyar, ɗaya ce kaɗai, ta mai zagaye marar ƙarewa, wadda soke aikin yake zama magani na farko. Sauran huɗun maganinsu amsa ce, ko kaset, ko kiran waya, ko gyaran matsayi.

Sai kuma silsilar da ba ta da kai, wadda ta zagayo, wato kiki-kaka: na farko yana riƙe da abin da na biyu yake so, na biyu yana riƙe da abin da na farko yake so, ba mai saki har abada. Masanin nan na ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya yi bayanin wannan hali tun a 1965, sa'an nan a 1971 Coffman da Elphick da Shoshani suka tsara sharuɗɗa huɗu waɗanda sai sun cika kiki-kaka take aukuwa: abin ya zama ba ya karɓar tarayya, mai riƙe da wani abu ya zama yana neman ƙari bai saki na hannunsa ba, ya zama ba a ƙwace wa mai riƙo da ƙarfi, kuma jiran ya zama zagaye. Fa'idar sanin sharuɗɗan ita ce, rushe ɗaya ya isa. Abin da ya sa manhajar take nema wa aiki dukan fayilolinsa a dunƙule tun farko ke nan, don kada ya riƙe rabi yana jiran rabi; abin da ya sa kuma ake horon masu rubuta shirye-shirye su riƙa neman kulle-kulle bisa jeri guda da kowa ya amince da shi, don kada zagaye ya ƙullu.

Mafi wuyar ganewa a cikin irin wannan ita ce wadda ta shafi RESERVE. Tun kafin a sami hanyar da na'urori za su yi shawara da juna a kan kulle, idan na'ura biyu suna tarayya a faifai guda, hanyar kariya ita ce ɗaya ta umarci faifan da kansa ya rufe ƙofarsa ga sauran na'urori har ta gama. Kullen nan ba ya zaɓe: don gyara layi ɗaya a fihirisar faifai, wadda ake nema da sunan SYSVTOC, ko a kundin sunayen fayiloli, wanda ake nema da SYSIGGV2, sai a rufe faifan ɗungurungum, da duk dubban fayilolin da ke kansa waɗanda ba ruwansu. To, ku ɗauka na'ura ta farko ta rufe faifan da kundin sunaye yake, tana son ta taɓa faifai na biyu. Na'ura ta biyu kuwa ta riga ta rufe faifai na biyun, tana son ta duba kundin. Kowacce ta tsaya. Abin da ya sa wannan ta fi wuya shi ne, wanda aka tare ba a layin GRS yake jira ba, a bakin faifai yake, don haka D GRS,C yana iya nuna ɗan abu kaɗan ko ya nuna babu komai. Alamarta tana wani wuri dabam: saƙon IOS071I, mai cewa an aika wa faifai buƙata ba ta ko fara ba, wani lokaci tare da IOS431I mai ambaton na'urar da ta rufe shi. Daga nan sai a je waccan na'urar a tambaya da D GRS,DEV don a ga aikin da ya yi rufin. Wanda bai san wannan ba yakan ɗora wa faifai laifi, ya kira masu gyaran ƙarfe, su zo su auna su tarar lafiyarsa lau.

Maganin wannan ya zo ne a hankali. A 1981 aka shigo da GRS don na'urori su riƙa sanar da juna buƙatunsu, da farko bisa tsarin zobe, inda saƙo guda yake kewaya na'urorin ɗaya bayan ɗaya yana ɗauke da buƙatun kowa, wanda ke nufin gwargwadon yawan na'urori gwargwadon tsawon jira. Bayan zuwan tsarin haɗa na'urori mai suna Parallel Sysplex a 1994, sai aka sami tsarin tauraro a 1996, inda kowace na'ura take tambayar wata ma'ajiya ta tsakiya mai suna ISGLOCK kai tsaye. Da GRS ya samu, sai ya yiwu a rubuta jerin sunaye a cikin GRSRNL a ce duk RESERVE mai suna kaza a mai da shi kullen suna kawai, kada a rufe faifai. Amma akwai sharaɗi wanda ba a sassauci a kansa: ba a yin wannan juyi sai in duk na'urorin da ke taɓa faifan suna cikin jama'ar GRS guda. In akwai wata a waje, rufin faifan nan shi kaɗai ne kariyar da ke tsakaninsu, kuma wanda ya cire shi ya musanya jinkiri, wanda ake gani a yi maganinsa, da lalacewar fihirisa, wadda ba a ganinta sai bayan ta auku.

Ba zan bar ɓangaren UNIX ba, ko da a taƙaice, domin z/OS tana ɗauke da tsarin fayiloli irin na UNIX a cikinta, da HFS a da, wanda aka daina tallafa masa daga z/OS 2.5, da zFS a yanzu. A wannan ɓangare galibin kariya da sakata ake yi, wato wani ƙaramin kulle mai sauri wanda ba ya wuce na'ura guda, kuma ana gane sakatun tsarin fayilolin da sunan da ya fara da SYS.BPX. Saƙon BPXM056E yana sanar da takaddama a kansu, umarnin D OMVS,W kuwa yana nuna mai riƙo da abin da yake yi. Sakatar da ta fi tayar da hankali ita ce ta ɗora tsarin fayiloli da sauke shi, domin guda ce. Misalin da aka saba gani shi ne, wani ya nemi a ɗora wani tsarin fayiloli wanda DFSMShsm ya riga ya kwashe zuwa kaset saboda an daɗe ba a taɓa shi ba. Mai ɗorawar ya riƙe sakata yana jiran a dawo da shi, dawowar tana jiran kaset, duk mai son ɗorawa ko saukewa kuma ya yi layi. Silsilar ta fara a UNIX ta ƙare a ɗakin kaset, kuma wanda iliminsa ya tsaya a ɓangare ɗaya ba zai kai ƙarshenta ba sai ya nemi ɗan'uwansa na ɗaya ɓangaren.

Duk abin da na faɗa zuwa yanzu a kan riƙo ɗaya mai tsawo ne. Akwai nau'i na biyu wanda ba shi da mai laifi ko ɗaya, inda kowa yake riƙewa na ɗan ƙiftawar ido ya saki, amma masu nema sun yi yawa. Ilimin lissafin layi ya nuna cewa, a mafi sauƙin ƙiyasi, inda buƙatu ke zuwa ba bisa tsari ba, idan kulle yana hannun wani rabin lokaci, matsakaicin jira daidai yake da tsawon riƙo ɗaya. Idan ya kai kashi 90 cikin 100, jiran ya ninka sau 9. Idan ya kai kashi 99, ya ninka sau 99. Wannan ne ya sa tsarin da ya shekara yana tafiya lami lafiya yake iya durƙushewa a ƙarshen wata, don ƙarin aiki ɗan kaɗan, har mutane su rantse cewa an canza wani abu alhali ba a canza komai ba. Wannan nau'i ba a kama shi da umarnin allo, domin duk sanda ka duba wani suna dabam za ka gani. Sai an koma ga ma'aunin RMF, wanda Monitor III nasa yake nuna kason lokacin da kowane aiki ya ɓata a jiran kulle, da bayanan SMF nau'i na 77, waɗanda ke tara tarihin takaddama bisa sunan abin da aka yi ta a kansa. Maganinsa kuma na gini ne: a raba kundin sunaye guda mai cunkoso zuwa biyu ko uku, a rarraba fayiloli masu zafi a faifai dabam-dabam, a rage faɗin kulle daga fayil baki ɗaya zuwa layi ɗaya a cikinsa, kamar yadda VSAM RLS yake yi, ko a raba lokutan ayyukan da ke karo.

Saura magana ɗaya, wadda ita ce ta fi damuna. Idan layi ya yi tsawo, waya tana ta ƙara, shugabanni sun tsaya a kan mai tsaron na'ura, abin da kowa yake so shi ne a soke wani abu aiki ya tashi, kuma ban ga laifin mai son haka ba, domin a bayan kowane aiki da ya tsaya akwai mutane masu jiran albashi ko magani. Amma da zarar an soke mai riƙo, rajistar GRS ta canza, shaidar ta tafi, gobe kuma abin zai dawo a sa'a irin ta yau ba wanda ya san dalili. Minti biyu sun isa a adana sakamakon D GRS,ANALYZE, a kuma ɗauki hoton ƙwaƙwalwar na'ura da umarnin DUMP, a tabbata an haɗa da GRSQ da muhallin mai riƙo da na mai jira, a kowace na'urar da abin ya shafa, don a zauna daga baya a warware shi a cikin IPCS da ANALYZE RESOURCE. Bayan haka, in ya tabbata sokewa ce magani, a fara da CANCEL, wanda ke ba aikin damar bin hanyoyinsa na warware abin da ya fara ya saki kullensa bisa tsari. FORCE kuwa, wanda ke tumɓuke aiki ba tare da cikakkiyar wannan dama ba, yana iya barin kundin sunaye ko fayil a tsakiyar gyara, har ta kai ga sai an sake tayar da na'urar baki ɗaya. Kada a kusance shi sai da izinin wanda zai amsa tambaya a kansa, kuma bayan an san abin da aikin yake cikin rubutawa lokacin da ya tsaya.